Ƙullin Inna Asama'u

Magajin Gari, Birnin Gwari
Ran Laraba

Zuwa ga Bara'atu 'yar Kawu, wadda ta gudu Jamus don kada a sa ta daka mini fura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta sanyin da kike sha, ina sanar da ke duk muna nan kalau, kuma babu wanda ya yi kewarki. Kawu Salmanu yana gaishe ki. Tsohuwata ma haka, ta ce in tambaya ko har yanzu kina cin tuwo, ko kin koma cin takarda.

Kada ki yi mamakin wasiƙa. Kin san halin waya a garin nan, ka yi sallama yau, amsa ta iso jibi. Shi ya sa na ɗauko biro nake rubuta abina, in ɗauki hotonsa, duk sanda sabis ya leƙo ya tafi da shi. Bokon nawa a jikin waya na koye shi, in kin ga harafi ya kwanta ki tashe shi, kada ki kai ƙarata.

Shagon aski yana tafiya. Na sayi kilifa sabuwa da fanka ta tsaye, yanzu har mai sanƙo zuwa yake yi a yi masa aski don ya sha iska.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya aka yi gardama a kanki a shago. Usman mai faci ya rantse likita kike karantawa. Abdulfattah tela ya ce ƙarya ne, Kawu da bakinsa ya gaya masa da allura kike aiki, ke nan ɗinki kika je koyo, da kin zauna a gida da shi ya koya miki a banza. Ni kuwa na ce duk su rufe baki, taubashiyata ce, na fi kowa sanin ba ta iya komai ba. Amma da suka watse sai na ga ni ma ban san amsar ba, kuma bai kamata maigida ya kasa sanin aikin baiwarsa ba.

Saboda haka ki faɗa mini: wace irin allura ce? Ta ɗinki ko ta asibiti? Ki yi bayani da Hausar mutane, ban da irin wadda kuke yi da hanci.

Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da ke kafin ki manta yadda ake tsugunawa a gaida manya.

Ubangidanki,
Nu'uman mai aski

*

Jamus
Ran Lahadi

Zuwa ga bawana Nu'uman,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma tashi haruffan da suka kwanta, sun fi na tsaye yawa. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata tuwon semo nake ci da miyar kuka da ta kusa ƙarewa. Batun wane ne bawa kuwa, ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, ka je ka tambayi tsofaffi.

Ka ce wa Abdulfattah ya kusa gaskiya, Usman kuwa ya koma facinsa. Ga yadda abin yake. Ka san makaho idan yana tafe yana dungurin ƙasa da sanda, ya gane nan tudu, nan kwari? To na'urata makauniya ce. Ba gani take yi ba, taɓawa take yi. Akwai wani ɗan siririn harshe mai lanƙwasa, a ƙarshensa akwai allura. Tsinin allurar ya yi ƙanƙantar da in aka ajiye silin gashinka kusa da shi, gashin zai zama kamar dutsen da sai an yini ana hawa. Allurar tana bin saman abu tana ɗan dungurinsa, layi bayan layi. In ta hau tudu harshen ya ɗaga, in ta sauka ya sunkuya. Akwai haske da aka saita a bayan harshen, shi ke kai wa kwamfuta labarin motsin, ita kuma ta zana hoto.

A ƙarƙashin ƙasa ɗakin yake, teburin kuma a kan iska yake zaune, don in babbar mota ta wuce a titi, ko abokiyar aikina Rachel ta yi tari, hoton ya lalace. Kai da bakinka ba za ka yi minti ɗaya a ɗakin ba a kore ka.

Abin da nake taɓawa kuwa, zaren halitta ne, wanda ake kira DNA. Kowane mai rai yana da nasa a jiki. Nawa na ƙwayar cutar sammore ne, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu a dajinmu na Kamuku. A jikin wannan ƙwaya wani sashe na zaren zobba ne, zobe cikin zobe, sun saƙu kamar ragar kamun kifi. Nakan ɓare wani dutse mai sheƙi da salatif, in ɗiga ragar a kai, in sa allura ta bi ta. Sannan in zuba garin maganin nan da Fulani ke damawa su yi wa shanu allura, in ga yadda yake murɗe zobban ɗaya bayan ɗaya. So muke mu gane me ya sa maganin ya fara daina ci.

Ga hoton mafi kyau da na samu, na haɗo maka. Launin zuman nan kwamfuta ce ta shafa, abin ba shi da launi.

Kuma ka kiyaye ni daga yau. Allurar nan babu abin da ke ɓoye mata. Ka kuskura ka aiko mini da silin gashinka ɗaya, in gaya wa Gwaggo wanda ya cinye mata dambun naman Sallah ya ce kyanwa ce.

Allah ya shirye ka.

Uwar ɗakinka, ko ka so ko ka ƙi,
Bara'atu

*

Magajin Gari
Ran Asabar

Zuwa ga Dakta mai makauniyar allura,

Sallama da gaisuwa da fatan Rachel ta warke daga tari. Kyanwa ce ta ci dambun nan, kuma ta mutu, ba za a tayar da ita shaida ba.

Bara'atu, Allah ya yi miki albarka da hoton nan. Tun da na buɗe shago ban samu abin aiki irinsa ba, har kilifar. Ga yadda nake yi. In na gama wa mutum aski, sai in tsinci silin gashinsa ɗaya, in ɗora a kan gilashin waya, in ce bari in tura wa Dakta. In yi shiru ina kallon rufi. Can sai in buɗe ragar taki, in ja ta da yatsu ta girma, in girgiza kai in ce innalillahi.

Usman na fara yi wa. Na nuna masa wani zobe na ce ka ga nan? Wannan murɗewar ta mai zuwa zance bayan masallacin Juma'a ce, gidan mai koren ƙyaure. Wallahi ni jefawa na yi. Mutumin nan sai da ya tashi daga kujera da zanen aski a wuya, yana cewa in rufa masa asiri. Abdulfattah kuwa yanzu in na yi masa aski, tsugunawa yake yi ya tattare gashinsa kaf ya zuba a aljihu. Wani dattijo ya ce a gaya miki ki ji tsoron Allah, abin da Ubangiji ya rufe kada ki tona. Har masu fura da nono da ke fakewa a inuwar ƙofar shago sun daina talla, leƙe suke yi.

Ina da tambaya, ta shago ce kawai, gardama ce ta taso. A ce an samu gashi, ba a san na wane ne ba. Allurar taki za ta iya cewa na wane ne? Ba sunansa nake nufi ba, na san ba ta iya karatu ba. A ce an nuna mata uwar mutumin, misali. Za ta iya cewa e ko a'a?

Ki amsa da wuri don na ci gardamar. Ba wani abu ba ne.

Tsohuwata tana gaishe ki. Ruwa ya sauka sosai, masara ta yi kai.

Naki,
Nu'uman

*

Jamus
Ran Talata

Nu'uman,

Wa alaikumus salam. Ina fata kana lafiya, Gwaggo ma haka.

Na yi dariyar Usman har Rachel ta kore ni daga ɗakin aiki, na kuma zauna zan amsa maka cewa a'a, allurata ba ta iya wannan. Kafin in rubuta sai wayar Baba ta shigo, yau Allah ya sa aka ji juna.

Baba ya ce wata dattijuwa Bafulatana ta yi sallama a gidanmu da ƙwarya cike da man shanu, ta durƙusa a zaure tana sa mini albarka. Ta ce sunanta Asama'u, tana sayar da nono a ƙofar shagonka. Ta ce a gode wa 'yarsa likita da ta duba gashi ta gano ɗanta Abdulsamad bai mutu ba. Baba bai gane kan zancen ba, ya karɓa ya ce madalla, yanzu yana tambayata cikin murna wane aiki na yi.

Sai na ce masa layin yana yankewa.

Wane gashi, Nu'uman? Wane ne Abdulsamad? Ni ban duba gashin kowa ba, babu abin da ka aiko mini sai takardu. Me ka faɗa wa matar nan da sunana?

Kada ka yi mini wasa a amsar nan. Ka ajiye taubasantaka gefe ka rubuta mini yadda aka yi tun daga farko.

Wassalam,
Bara'atu

*

Magajin Gari
Ran Alhamis

Zuwa ga 'yar'uwata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Na yaga takarda ta fi a ƙirga kafin wannan.

Inna Asama'u rugarsu tana wajen Kazage. 'Ya'yanta maza biyu ne, Abdulsamad da ƙanensa Mailafiya. Kafin damina aka kore musu shanu, Abdulsamad ya bi sawu cikin daji, bai dawo ba. Daga baya wani mai cirar zuma ya ci karo da gawa a bakin rafi can ciki, ta daɗe, ba a gane fuska, babu riga babu komai. Mutumin kirki ne. Ya haƙa ya rufe, amma kafin nan ya yanki gashin kan ya ƙulle a tsumma, ya riƙa bin rugage yana tambayar wa ya rasa mutum. Ƙullin ya tsaya a hannun Inna. Manyan ruga suka ce shi ne, a yi haƙuri, matarsa Karima ta shiga takaba. Inna ta ce ita ba ta yarda ba.

Duk wannan ban sani ba lokacin da nake wasan waya. Ita kuwa tana bakin ƙofa tana kallo. Wata rana da mutane suka watse daga shago ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kwance bakin zane ta miƙo mini ƙullin da hannu biyu. Ta ce, “Ɗana, a kai wa likita ta duba. Ba na son sanin asirin kowa, wannan kaɗai.”

Bara'atu, ga baki a jikina, kin san bakina. Kalma ɗaya ce, in ce Inna wasa nake yi. Na buɗe bakin, abin da ya fito shi ne, to Inna, in sha Allahu.

Na zaci za ta manta. Kullum ta zo sai ta ajiye mini fura ba ta karɓar komai, ta ce, “Likita ta yi magana?” In ce tana dubawa. Na fara rufe shago in na hango ƙwaryarta. Rannan ta ritsa ni ina buɗe kwaɗo. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce ta daina barci, in ma mutuwa ce a gaya mata ta huta. Na ciro waya don in sami abin yi da hannuna, ragar taki ta fito, ta matso tana kallo. Ta sa yatsa a kan wani zobe ta ce, “Wannan me ya ce?” Na dubi fuskarta na ce, “Inna, ya ce ba nasa ba ne.”

Ta zauna a ƙasa a nan bakin titi, ta kifa kai a kan faifan ƙwarya. Da ta ɗago dariya take yi. Ni ma a ranar na ji daɗi, in gaya miki gaskiya. Na ce a raina ai alheri na yi.

Ga inda abin ya kai. Karima ta fita daga takaba, ta yi kitso. Mailafiya kuma ya zo shago ya riƙe hannuna yana godiya da Fulatanci, miyetti, miyetti. Ya ce tunda ba gawar yayansa ba ce, to yana raye a hannun mutanen daji, shi kuwa ba zai zauna yana shan nono ba. Bayan kasuwa mai zuwa zai shiga nemansa. Kin san abin da ke cikin dajin nan. Shi kaɗai ya rage wa Inna.

Na yi tunani har kaina ya yi zafi, hanya ɗaya na gani. Ki yi magana a waya, muryarki, in kai musu su ji. Ki ce allura ta yi kuskure, kin sake dubawa, nasa ne. In kin ce ba ki sani ba, Mailafiya zai tafi. In kin ce nasa ne, zai zauna ya yi kuka, ya rayu. Ni ba za su ƙara yarda da bakina ba, naki suke ji.

Na san abin da nake roƙo. Ki zage ni daga baya.

Ɗan'uwanki,
Nu'uman

*

Jamus
Ran Juma'a

Nu'uman,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ba zan zage ka ba, don in na fara ban san inda naka ya tsaya nawa ya soma ba. Ni na rubuta maka cewa babu abin da ke ɓoye wa allurar nan. Ni na ba ka hoton. Kuma duk inda zan yi bayanin aikina, hoton shanun dajinmu nake fara nunawa, in ce don makiyayan garinmu nake yi. Sai a makon nan na san sunan mutum ɗaya a cikinsu.

Amma ba zan faɗi abin da ka ce ba. Na juya shi, na kusa yarda. In na ce nasa ne, na sa mace takabar mijin da wataƙila yana numfashi, ta gama ta yi aure, wata rana ya shigo ruga da ƙafarsa. Na kuma sa uwa ta daina yi wa ɗanta addu'ar dawowa. Ban taɓa ganin gashin nan ba, Nu'uman. Kai ka raya Abdulsamad da baki, yanzu kana so ni in kashe shi da baki.

Allurata siffa take ji. In na shimfiɗa zarenka da nawa da na Inna Asama'u a ƙarƙashinta, duk igiya iri ɗaya za ta zana. Amma ka saurara, akwai hanya ta gaske. Na tambayi Rachel, ta kai ni wurin wasu masu wani aikin daban, su karanta zaren suke yi. Sun ce akwai wani ɓangare da mutum ke gada daga uwa kaɗai, kuma yakan daɗe a cikin gashi ko da babu saiwa. Sai a gwada da yawun uwar, ko gashin wanda suka fito ciki ɗaya. In bai dace ba, ba ɗanta ba ne. In ya dace, kusan an gama magana. Ba kullum ake dacewa ba, kuma yana ɗaukar watanni, amma sun yarda su gwada.

Ka ga abin da zai zaunar da Mailafiya ke nan, kuma ba ƙarya ba ne. Na haɗo muryata. Na ce musu ban duba komai ba, hoton na cutar shanu ne, na nemi gafara, na ce su ba ni lokaci, kada kowa ya shiga daji sai sakamako ya fito. Ka kai musu da kanka, ka tsaya a gabansu su ji.

Ƙullin kuma kada ka taɓa shi da hannu. Ka sa shi a ambulan yadda yake, ka kai wa Baba. Zan gaya masa komai, zai san yadda za a fito da shi ta Kaduna.

Ka yi sauri, don Allah.

'Yar'uwarka a cikin wannan,
Bara'atu

*

Magajin Gari
Ran Litinin

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Ki zauna kafin ki karanta.

Babu ƙullin.

Ranar da ta ba ni shi, bayan ta fita, na kwance shi a kan teburin kayan aski. Son gani ne kawai, irin nawa. Gashi ne mai laushi, mai ɗan tsawo, da ƙasa a jikinsa. Ina cikin kallo aka kawo wuta. Fankar a kunne take tun ɗaukewar safe, ta juyo kai sau ɗaya. Ranar na aske kawuna da yawa ban yi shara ba. Na durƙusa ina tsinta, wanne zan tsinta? Akwai na Fulani a ciki, akwai na yara, duk baƙi. Da yamma na share na kai ramin bayan shago na binne tare da sauran, yadda nake yi kullum don kada wani ya ɗebi gashin mutane ya kai wa boka. An yi ruwa a kansa ba sau ɗaya ba. A lokacin ban ɗauka asara ba ce, tunda dama babu inda za shi.

Da na karanta takardarki, na tsinci gashi a ƙasa na ƙulle a tsummar, na sa a ambulan. Har na kai ƙofar gidan Kawu. Na tsaya ina kallon ƙwaryar man shanu a zaure, sai na juyo.

Na hau babur na tafi ruga da muryarki. Na ce a raina in sun ji, Mailafiya ya zauna, sauran kuma Allah ya kawo dabara. Aka shimfiɗa mini tabarma. Inna ta zauna, Mailafiya yana tsaye da sanda a kafaɗa, Karima tana daga bakin bukka. Na kunna. Da kika ce hoton na cutar shanu ne, Mailafiya ya dube ni. Da kika zo wurin gwaji, Inna ta ce a maimaita. Na maimaita. Mailafiya ya sauke sandar ya ce, “In watanni ne, zan jira. Wannan ta yi magana kamar mai tsoron Allah.”

Kin ga an gama ke nan. Da na tashi na hau babur, da yanzu yana gida.

Sai Karima ta yi magana, ban taɓa jin muryarta ba. Ta ce, “Mai aski, a dawo da ƙullin tukuna. Da aka kawo shi ban iya dubawa ba. Ni nake wanke masa kai, ina so in gani kafin ya tafi ƙasar Turawa.”

Na duba ko'ina a cikin kaina, wallahi akwai ƙarya a shirye, har uku. Ban san me ya hana ba. Na gaya musu fanka, na gaya musu rami.

Babu wanda ya ɗaga murya. Na so a ce Mailafiya ya sauke mini sandar nan. Karima ta taɓa kitsonta ta ce, “To ni yanzu mece ce?” Ta shige bukka. Inna ta tashi ta dama fura ta ajiye a gabana, don baƙo nake. Ta tsaya har na sha. Ban taɓa haɗiyar abu mai wuya kamarta ba.

Mailafiya ya rako ni bakin hanya. Ya ce babu abin jira kuma. Zai nemi mai zuma ya nuna masa kabarin, in ya ga abin da ya gane ya dawo, in bai gani ba ya wuce gaba. Na ce zan bi shi. Ya dubi takalmina ya ce, “Kai ko tafiya kake yi surutu kake yi. Zauna.”

Ki gaya wa Kawu, ni ba zan iya ba.

Nu'uman

*

Jamus
Ran Laraba

Nu'uman,

Wa alaikumus salam. Na gaya wa Baba. Ya ce zai je wurin manyan rugar da kansa su hana Mailafiya tafiya. Ka koma kai ma, ka roƙe shi, ka sake roƙonsa. Ka ce masa in mai zuma ya yarda ya shiga da mutanen da suka san hanya, ko ɗan abu kaɗan aka samo ya isa gwajin. Ba sai shi ya je ba.

Na sauka ɗakin aiki yau na kunna na'ura, na kasa sauke allurar.

Ya tafi? Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Bara'atu

*

Magajin Gari
Ran Juma'a

Zuwa ga 'yar'uwata Bara'atu,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki.

Kawu ya je, na je, manya sun yi magana. Mailafiya ya saurari kowa da ladabi.

Yau da hantsi ya shigo shago ya zauna a kujera, ya cire malafa ya ce in aske duka. Na aske. Bai bar ko sili ya taɓa ƙasa ba, ya tare da zanen a cinyarsa. Da na gama ya tattara ya ɗora mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai da nasa.

Ya ce, “Likita ta ce na ciki ɗaya yana yi. Inna ta tsufa. In an samu ɗayanmu, ko mu biyun, ga abin gwadawa.” Ya sa malafarsa, ya yi wa mutanen shago sallama, ya kama hanyar daji.

Na sallami sauran, na rufe ƙofa. Yana hannuna na hagu yanzu, da dama nake rubutu. Ki gaya mini yadda ake ajiye shi, a takarda ko a leda, a rana ko a inuwa, kuma zai kai yaushe bai lalace ba.

Ki sa su a addu'a, su biyun.

Wassalam,
Nu'uman